Baba Ayuba da Hoton Mama Saratu

Ku da kuka san kawuna Baba Ayuba na Makera, kun san ba ya karɓar abu sai ya ɗaga shi a haske. Aikin duba atamfa a masaƙar Kakuri ne ya biyo shi gida. Ko burodi ka miƙa masa sai ya nemi aibu!

Bayan rasuwar matarsa, Mama Saratu, ya tono wani kati a akwatinta: hotonta biyu gefe da gefe, tana budurwa. Wani malamin makaranta a Barnawa ya ce masa in ya harɗe idanu, biyun za su haɗe ta fito kamar a taɓa ta, amma fa sai da ido biyu. Ga shi na hagunsa yana mutuwa, likita ya ce a yi aiki cikin mako biyu ko a rasa shi.

"Ba mai taɓa idon nan sai na ga Saratu."

"Baba, za ka makance fa!"

"To ki matsa, kina tare min haske."

Haushi ya kama ni, tsoro ya fi haushin.

Ranar Lahadi a coci ya tsayar da yatsa gaban hanci yana gwaji, ido a harɗe. Fasto ya dakatar da wa'azi, matan zumunta suka yo kan Baba da ruwa.

"Ku ƙyale ni! Saura ƙiris!"

Ana gobe ranar da likita ya sa, ina zaune sai Baba ya kurma ihu.

"Ta fito! Kai! Hancinta ya shige ciki, bishiyar mangwaron da ke bayanta ta dawo gaba. A masaƙa da an mayar da wannan aikin!"

Na kira malamin. Ya ce a raba katin, na dama ya koma hagu. Katin kuwa shi kaɗai ne a duniya. Baba ya hana ni almakashin, ya yanka da kansa.

Ya sauya wa hotunan wuri, ya sake harɗe ido.

"Ashe hannu take miƙowa," ya ce a hankali. "Gobe ki tare mana keke-napep zuwa asibiti."

An yi aikin, idon bai tashi ba. Ina kuka, shi kuwa cewa ya yi, "Ya gama aikinsa, a ba shi fansho."

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba. Ya sa yanzu ka kama hannun nan.