Losaline Ta Ƙi Yaye 'Yarta

Losaline maƙwabciyata ce, a rumfa ɗaya muke saƙar tabarma tun muna amare. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon ƙayar ganyen saƙa. In ta ɗauki waƙa a coci, har masunta a bakin teku sun san muryar wace ce. 'Ya'yanta huɗu duk maza, kuma kusan ita kaɗai ta rene su, don mijinta Folau rabin shekara yana ƙasar Niyu Zilan wajen tsinkar tuffa. Shekarar da guguwa ta yaye musu rufi, ita ta hau ta buga kwano da tsohon ciki. Cikin nan ne ya zo mace, kuma maganar yarinyar ce har yau take cina.

Folau yana da yaya, Seneti, tana aure can Okalani a Niyu Zilan ɗin, Allah bai ba ta haihuwa ba. Mu nan tsibiran Ha'apai kowa ya san girman gwaggo. Ita ke raɗa wa 'ya'yan ɗan'uwanta suna, tabarmar da ta fi kyau a biki ko makoki tata ce, kuma namiji ba ya ɗaga ido ya yi musu da 'yar'uwarsa. Ranar haihuwar, Seneti ta bugo waya ta ce a sa wa jaririya sunanta, muka riƙa kiranta Neti. Sai ta ƙara da cewa, "Wannan tawa ce, ku kuna da huɗu." Folau ya ce to. Ko waiwayar mai jego bai yi ba.

Losaline ta kai kukanta wurin fasto. Shi kuwa ya buɗe mata labarin Hannatu a Littafi Mai Tsarki, wadda ta roƙi ɗa, aka ba ta, ta miƙa shi. Da na ji, raina ya ɓaci. Hannatu da bakinta ta yi alkawari, kuma Ubangiji ta ba wa, ba wata gwaggo ce ta bugo mata waya ba. Amma Losaline ta koma gida ta karanta wurin da kanta, washegari ta shigo rumfa tana murmushi.

"Manusiu, kin san Hannatu ba ta kai yaron ba sai da ta yaye shi?"

"To sai me?" na ce.

"To ni ma sai na yaye."

Haka ta gaya wa Seneti. Tunda daga Littafi Mai Tsarki maganar ta fito, ba wanda ya iya ja. Losaline kuwa ta ƙi yayewa. Neti ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta fara surutu, har ta doshi shekara uku tana shan nono. Matan rumfa suka samu abin yi.

Tsohuwa Kalo ta ce, "Ke Losa, wannan da haƙoranta za su fasa kwakwa, har yanzu tana manne?"

"Bar ta, Iya, ai ba naki take sha ba."

Wata ta ce, "Ranar aurenta sai ango ya jira a waje ta gama."

Losaline ta yi dariya tare da su, amma ni na ga yadda take ramewa. Romon kifi da madarar kwakwa take ɗurawa kamar magani don kada nonon ya ƙafe. Surukarta ta daina amsa mata gaisuwa. Folau in ya dawo sai ya ce, "Kina kunyata ni a gaban yayata." Ita kuma ta ce, "Je ka gaya wa yayar taka a'a mana." Sai ya ɗauki adda ya nufi gonar doya. Namijin da ke ɗaga buhu biyu a kafaɗa, kalma ɗaya ta gagare shi.

Ba dangin miji ne suka karya ta ba. Neti ce. Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada muna cin abinci a inuwa, uwar ta jawo ta cinya, yarinyar ta ture ta da hannu mai danƙon mangwaro.

"Ba na so. Ni babba ce."

Muka yi dariya, ban da Losaline. Ta lallaba, ta roƙa, ta gwada da safe, ta gwada da rana, Neti ta juya kai. Ga kuma Seneti na tafe hutun Kirsimeti.

Na ja Losaline bayan rumfa na ce, "Ki rufe bakinki. Wa ke leƙa rigarki? In ta tambaya ki ce tana sha."

"In yi ƙarya a kan Littafin da na tsaya a kansa?"

"Allah zai gane, Losa."

"Ai shi ya sa."

Na so in mare ta. Har yanzu ban ga laifin shawarata ba.

Seneti ta iso da ƙananan takalma ja a jaka. Ba zan ce muguwa ba ce, na ga yadda ta durƙusa ta shafa kan yarinyar a hankali. Aka shimfiɗa mata babbar tabarma, wadda Losaline ta yi wata da watanni tana saƙawa, ta zauna ta ce, "Ƙanwata, an yaye ta?"

Ina daga bakin ƙofa ina hararar Losaline, ina roƙon Yesu ya ɗaure mata harshe.

"Ta daina sha, Yaya," in ji Losaline.

Bayan sabuwar shekara jirgin ruwan da zai tafi da Seneti da Neti ya zo. Losaline da kanta ta yi wa Neti wanka, ta shafa mata man kwakwa, ta sa mata furanni a wuya. Folau ya miƙo hannu zai ɗauke ta, ta ce, "Kar ka taɓa." Ta rungume ta har bakin jirgi. Yarinyar na ta tsalle don za ta shiga jirgi, ko kuka ba ta yi ba.

Lahadin da ta biyo baya fasto ya kira sunan Losaline a wa'azi, wai abar koyi ce ga mata. Na ɗauki maficina na fice. Tun ina makarantar sakandare nake jin wa'azin sadaukarwa, ban taɓa jin an tambayi uwar ko tana so ba. Losaline kuwa, aka ce min, ta tsaya cikin mawaƙa ta rera har ƙarshe.

Litinin ta zo rumfa da wuri ta zauna kan saƙarta. Na kasa haƙuri.

"Ke ba kya fushi da Allah ne?"

"Ina yi mana. Kowace safiya sai na gaya masa."

"To me ya ce?"

"Bai ce komai ba tukuna. Miƙo min wuƙar can."