Sandar da Na Ɗauko wa Baba daga Palime

Duk wanda ya ji na taɓa zuwa Kpalime, garin duwatsun nan na ƙasar Togo da tsofaffinmu ke kira Palime, tambayarsa ta farko ita ce a ina ake sayen kaya masu kyau. Nakan ce sai na ji wanda za a saya wa tukuna. Sai a ce na cika jan magana.

Shekarar da ofishinmu ya tura ni can kwas na kwana goma, Baba yana cikin wata na bakwai a zaune. Hawan jini ne ya kayar da shi wata safiya a zauren gidanmu na Zongo, a Wagadugu. Bakinsa ya dawo daidai, har ma ya fi da kaifi, amma ƙafar hagu ta yi nauyi. Likita ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa in bai riƙa takawa kullum ba ƙafar za ta sandare, in kuwa ta sandare ya zauna ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Ya ce a nema masa abin dogarawa.

Yayana direban babbar mota ne, ba ya son dogon zance. Washegari ya shigo da kwagiri na ƙarfe daga kantin magani, gajere, mai lanƙwasasshen kai da roba a gindi. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Wanga na majinyatan asibiti ne," in ji shi. "Ni jikan madugu, in ratsa Zongo da ƙarfen lopital? Ku kai ma wanda ya karye."

Kwagirin ya ƙare a hannun Inna, tana kaɗo lemun tsami da shi. Abin dogarawar Baba ya zama kafaɗata. Da safe kafin in hau mobilet, ɗan babur ɗina, zuwa aiki a unguwar Gungen, in ɗauko shi daga ɗaki zuwa zaure. Da yamma in mayar da shi. Iyakar tafiyarsa ke nan. Masallacin Juma'ar unguwarmu ba shi da nisa, ko tari liman ya yi a lasifika muna ji, amma Baba ya ce ba za a gan shi a titi rataye da ɗiya mace ba. Ran Juma'a sai ya sa babbar riga, ya shafa turare, ya zauna a zaure yana kallon ƙafafun masu wucewa. Wannan zama yana ƙona mini rai. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kuma ina ganin ƙafar tana ƙara ramewa a gabana. Na yi lallashi, na yi fushi, na kai ƙara wurin Inna. Ta ce da ni da shi ba ta san wanda ya fi taurin kai ba.

Da maganar tafiyata ta tabbata, yayana ya ajiye mota don ya riƙe gida. Ni kuwa na ƙudura abu ɗaya a raina. An ce mini Palime garin masassaƙa ne. To zan samo sanda mai kyan da Baba zai ji kunyar ƙin ta.

Ana gobe zan tafi ya kira ni. "In kin isa, ki tai Zongonsu ki gaida gidan da kakanki yake sauka. Ki biya kasuwar Sankaryare ki sai goro ki riƙa musu."

"Baba, goro zan kai garin goro?"

"Mi ya dame ki? An ce miki don ba su da shi ake kaiwa?"

Na sayi goron don kada a ce ban saya ba.

Mutumin Wagadugu bai san tudu ba. Garinmu shimfiɗe yake kamar tabarma. Da motar da na shiga daga Lome ta fara kusantar Palime, na ga duwatsu kore shar, gajimare ya sauko ya zauna a kansu, sai na kama baki kamar baƙauya. Ruwa yana yi yana ɗaukewa, iska da sanyi-sanyi, ayaba da fiya a bakin hanya kamar ba su da mai su. Garin kuwa ko'ina ka juya wani yana yin wani abu da hannu. Nan masaƙa suna jan zare mai launi, can mata suna ɗiga kakin zuma a farin yadi kafin a rina, gaba kaɗan ƙarar gizago.

Wata abokiyar kwas, 'yar garin, ita ta zagaya da mu. Ta kai mu wurin da masu sana'a suke aiki a fili kana kallo, ta kai mu kasuwa inda na saya wa Inna zane saƙar hannu da garin kofi na yayana. Daga ƙarshe muka bi jerin shagunan da ke kan hanyar hawa dutse, inda nasaru masu yawon buɗe ido ke tsayawa. Shaguna ne masu tsabta, an jera komai dalla-dalla, masu su kuma bakinsu kamar an shafa zuma. A nan na gan ta, sandar da nake nema. Baƙa wuluk, tana sheƙi, an sassaƙa mariƙinta da kan wani dattijo mai gemu, har da layukan goshi. Mai shagon ya ce mini da Faransanci irin ta sarakuna ce. Ban ma yi cinikin kirki ba. Na naɗe ta a zane, na koma masauki ina ji da kaina.

Goron nan kuwa yana cikin jaka, kullum in yayyafa masa ruwa in ce gobe. Sai da ya rage kwana biyu na tafi Zongon, kuma tsoron tambayar Baba ne ya kai ni.

Ina shiga unguwar na ji ƙamshin waina da Hausa tana tashi ta kowace kusurwa, sai jikina ya saki. Na faɗi sunan gidan, aka nuna mini. Na tarar da wani tsoho a kan buzu, sa'an Baba, matarsa Hajiya tana tsince shinkafa a gefe. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye goro, na faɗi sunan kakana da na Baba. Tsohon ya yi salati da ƙarfi.

"Ke ɗiyar wannan mai gardamar ce? Tare muka ɗora huhun goro a mota muna samari. In an ce gabas sai ya ce yamma. Yana nan da halinsa?"

Na ce yana nan, har ya ƙaru. Ban san lokacin da na kwashe labarin duka na faɗa musu ba, da ƙafar, da zauren, da rigar Juma'a. Sannan na kwance zanen na fito da abin alfaharina.

Hajiya ta ajiye faifai, ta karɓa, ta juya kan dattijon nan suka dubi juna. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ɗiyata, da wannan mai gemun zai shiga sahu? Ai su biyu liman zai koro."

Ni da na tashi a gidan da ko kalanda mai hoton mutum sai an juya fuskarta bango kafin a tayar da salla, na je na sayo wa ubana mutum-mutumi ya tafi masallaci da shi. Sheƙi na kalla, da bakin mai shago. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya auna sandar a jikinsa, ta tsaya masa a ƙugu.

"Ko babu kan mutum ba zai riƙe ba," in ji shi. "Dubi. Mai riƙe gajeriya duƙawa yake yi, duk wanda ya gan shi sai ya ce masa sannu. Ubanki sannun nan ce ba ya so. Fatake doguwa suke riƙewa, har kafaɗa. In ka riƙe ta dole ka miƙe. Wanda ya gamu da kai, inda za ka zai tambaya."

Wata bakwai ina gida ɗaya da Baba ban gane wannan ba. Wannan bawan Allah da rabonsa da shi tun suna samari ya gane a zama ɗaya.

Ya shiga wani ɗaki a bayan gida ya jawo busasshen icen kanya, dogo, miƙaƙƙe. Ya ce in taso. Muka fita Zongo ta baya, muka bi wata siririyar hanya cikin gonar koko har gindin dutse. Can akwai wata rumfar kwano, babu allo babu suna. Masassaƙin ɗan ƙabilar Ewe ne, ba Musulmi ba, amma shi yake yi wa mutanen Zongo turmi da taɓarya da allon karatu tun ubansa yana raye. Hausarsa ta ciniki ce, Faransancinsa kuma bai fi nawa na Ewe yawa ba, don haka tsohon ya zama tafinta.

Ya tambayi tsawon mai sandar. Ban taɓa sanin tsawon Baba a lamba ba. Masassaƙin ya ce in tsaya jikin ginshiƙin rumfa in nuna yadda muke tsayawa tare. Sai na ga ashe na sani sarai. Hammatarsa a nan take zama kan kafaɗata. Gemunsa a nan yake taɓa ɗankwalina. Mutumin yana sa alama da gawayi. Ya tambayi wane hannu, na ce dama. Ya tambayi girman hannun, na kama damtsena na nuna masa inda yatsun Baba suke kaiwa in ya riƙe ni. A nan hawaye suka zubo mini. Masassaƙin ya sunkuyar da kai yana wasa gizagonsa, kamar bai gani ba.

Washegari da la'asar na koma na tarar ya gama. Babu zane ko ɗaya a jikinta. Ya ɗan rage kaurin wurin riƙewa, ya sa mata zoben ƙarfe a gindi, ya goge ta da man kaɗe. Na biya shi ladan aikinsa, ya karɓa da hannu biyu. Da na je sallama, tsohon ya riƙe sandar ya yi addu'a, sannan ya miƙo mini.

"Kada ki ce masa tsaraba ce. Tsaraba ana sa mata albarka a jingine ta bayan ƙofa. Ki ce saƙo ne daga Zongon Palime. Icen daga gidana ya fito, ba ƙarya kika yi ba. Ki ce ina jiran direbobi su kawo mini labarin inda ta kai shi."

Mai gemun na bar wa Hajiya, ta ce za ta yi maganin jikokinta masu ƙiriniya da shi. Ban sake ganin su ba, daga su har masassaƙin. Amma ba na ɗaga hannu in roƙa wa iyayena alheri ban sa su a ciki ba, kuma ba na jin na biya.

Sandar ba ta shiga cikin mota ba, sai a sama aka ɗaure ta. A iyakar Sinkasse wani jami'i ya tambaye ni ko shanu zan fara kiwo. Na ce masa e, bijimi ɗaya ne, amma ya ishe ni.

Ranar Alhamis na iso gida. Na durƙusa gaban Baba na isar da saƙo kalma-kalma yadda aka ba ni. Ya karɓi sandar. Ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya shinshina icen, ya ƙwanƙwasa zoben a daɓe.

"Yana nan da rai ashe, ɗan nema," in ji shi. "Shi da bai iya ɗaurin huhu ba, shi ne zai aiko mini da tambaya."

Ya jingine ta kusa da shi. Na ce a raina shi ke nan, ita ma ta bi sahun kwagiri.

Ran Juma'a na nemi izini a wurin aiki na dawo da hantsi. Na ɗauko shi zuwa zaure kamar kullum, yayana ya biyo mu da sandar. Baba ya sa rigarsa, ya shafa turarensa, ya zauna. Mutane suka fara wucewa. Da aka yi kiran farko sai ya miƙa hannu ya jawo sandar, ya kafa ta a ƙasa, ya kama da hannu biyu ya yunƙura. Na yi wuf na kai kafaɗata ƙarƙashin hammatarsa.

"Matsa," in ji shi.

"Baba, ko bakin titi in kai ka."

"Na ce ki matsa, kina tare mini hanya."

Na matsa. Ya tsallake dokin ƙofa da kansa. Ya jefa sandar gaba, ya taka da dama, ya jawo ta hagu tana share ƙasa. Bayansa a miƙe, kansa a sama. Yayana ya bi shi daga nesa, yana yi kamar ba tare suke ba. Telan da ke kan kwana yana rufe shagonsa, ya juyo ya gan shi, ya buɗe baki.

"Alhaji! Sai ina?"

"Masallaci mana," in ji Baba, ko tsayawa bai yi ba. "In kana zuwa ka ɗaga ƙafa, liman ba ya jiran tela."

Na tsaya a bakin zaure ina kallonsa, taku ɗaya, ja ɗaya, masu sauri suna rage tafiya don su jera da shi. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Inna ta fito da ludayi a hannu ta tsaya bayana, muna ji ƙarar zoben ƙarfen tana nisa, har ya sha kwana muka daina ganin farar rigarsa.