Daɓen Katako a Saman Masallaci

Shekarun da aka dawo da Shari'a, unguwarmu a Daura ta yi wa masallacinta bene. Wani Alhaji mai fataucin shanu ya ce shi zai shimfiɗa katakon maɗaci a saman, irin wanda ya gani a Makka. Aka rasa kafintan da zai karɓi aikin sai ni, da ban wuce aji uku ba, kuma duk abin da na iya benci ne da akurkin kaji.

Ranar farko na gane maɗaci ba sa'ana ba ne. Ƙusa biyar na buga da guduma, huɗu suka lanƙwashe, ta biyar ta tsaya da kanta a waje tana kallona. Liman ya hau duba aiki ba takalmi, ya taka ta. Bai yi ihu ba. Ya dai zauna ya riƙe dunduniya.

"Malam kafinta, nan goshi za a ɗora," in ji shi. "Idan ƙafa ta ji haka, goshi fa? Kwana uku na ba ka. In ba ka iya ba, mu nemo wani daga Katsina."

Kafinta daga Katsina, a masallacin unguwata! Da wace fuska zan zauna a teburin mai shayi?

Na hau mota sai Kano. Mai shagon kayan aiki ya fito min da injin buga ƙusa iri biyu. Ɗaya da iska yake aiki, ana jona shi da wuta, yana ƙara tas-tas. Raina ya biya. Har na hango kaina a saman bene, unguwa ta taru tana kallo. Ɗayan kuwa mummuna ne, kamar ƙafar jaki, sai ka kwaɗa masa guduma a ka sannan ya saki ƙusa.

"Baba, a garinku wuta tana zama?" ya tambaye ni.

"Tana zuwa gaisuwa dai," na ce. Ya fashe da dariya.

"To wa zai taka daɓen, masu takalmi?"

Na ce masa goshi ne zai taka. Ya daina dariya, ya tura mai ƙarar gefe. Ya nuna min yadda mummunan yake cusa ƙusa a karkace ta gefen katako, katako na biyu ya zo ya rufe ta, ba a ganin ko kanta. Na ɗauko shi ina jin haushi.

Sahu uku na shimfiɗa. Da na gama na shafa da hannu, amma tafin hannun kafinta ko ƙaya ba ya ji. Sai na durƙusa ina bin katakon da goshi, daga wannan bango zuwa wancan. Ladan ya leƙo ya gan ni, ya sauka ya ba da labari wai kafinta ya shiryu, tun hantsi yake sujada. Ban ƙaryata shi ba.

Rana ta uku Liman ya hau. Ya ja ƙafa a kan sahun farko a hankali, ya ja a na biyu. Sannan ya ta da kabbara ya yi raka'a biyu ba tabarma, ni kuwa ina tsaye a baya ina kallonsa. Ya sallame, ya shafa goshi, ya duba hannunsa.

"Saura sahu nawa?"

"Tara, Allah gafarta Malam."

"To me kake jira? Ka gama mana kafin azumi."