Rabin Incin Kawu Sale

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Kawu Sale a Silver Spring ta Amurka ya sani, tayar motarka ake fara gaisarwa kafin kai. Kana rangaɗa sallama, shi ya tsuguna ya danna tayar gaba da babban yatsa, ya girgiza kai. "Wa ya ba ka wannan iskar? Maƙiyinka?" Sai ya gama da ita sannan ya ɗago ya ce, "To, ya hanya?" Ko limaminmu bai tsira ba.

Kawuna ne, wan mahaifiyata, don haka na ga abin da ba ku gani ba. Da ya yi ritaya daga aikin injiniya muka ce to, Kawu zai zauna da carbi. Ina! Sai ga shi da wata 'yar mota ja mai kujera biyu, wai ya shiga tsere. Ba irin na talabijin ba. Ranar Lahadi ake jera robobi masu tsini a makeken filin ajiye motoci, kowa ya shiga shi kaɗai yana kewaye su, agogo na ƙirga masa. Ka ture roba ɗaya a ƙara maka daƙiƙa biyu. Duka gudun bai wuce minti guda ba, amma a kan wannan mintin Kawu ya hana gida sakat.

Da hunturu falo yake shigo da tayoyin tseren, huɗu reras, kusa da hita. Matarsa Anti Rabi ta ce, "Malam, falon nawa?"

"Sanyi na kashe roba."

"Ni da nake fita aiki cikin sanyin fa?"

"Ke ai kina da suwaita."

Abin da ke cin ransa wata Baturiya ce, tsohuwa mai furfura fat, wadda ya laƙaba wa Goggo. Shekara uku tana kayar da shi da rabin daƙiƙa, ta kuma zo ta bubbuga masa kafaɗa. Samarin wurin suka ba shi shawara ya sa manyan rim, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, inci goma sha bakwai. Kawu ya ce, "Babban rim na masu ɗaukar hoto ne. Kun taɓa ganin ɗan tsere da takalmin soja?" Sha biyar ya tsaya a kai, wai ya fi sauƙin nauyi. Faɗin taya kawai yake so ya ƙara, don ta kama ƙasa a kwana. Mako biyu yana kwance ƙarƙashin mota da tef ɗin awo. Da ya ji kuɗin sababbin rim ya yi salati, ya tafi garin Landover ya kwaso na hannu wajen wani mai tashi daga gari, yana ta yabon kansa.

Ana cikin haka likita ya ce zuciyar Kawu sai an yi mata aiki. Ya sa ranar Litinin, ya kuma ce bayan aikin ba shi ba tsere har abada. Tseren ƙarshe na shekara kuwa ranar Lahadi ne, jajibirin aikin.

Ni nas ce, na san abin da maganar likitan take nufi. Na ce, "Kawu, wallahi ɓoye makullin zan yi."

"Uku gare ni, Hadiza."

"Don Allah ka rufa mana asiri."

Sai ya ce a hankali, "Sau ɗaya nake so in wuce matar nan. In kina tsoro ki shigo ki zauna kusa da ni."

Haka na tsinci kaina da hular kwano a kan ɗankwali, maganinsa a aljihuna, ina karanta duk addu'ar da na iya. Zagayen farko, muna shan kwana na ji ƙuuu daga gaba, ga ƙaurin roba. Sabuwar tayar ce ke gugar madgad, ƙarfen da ya rufe samanta. Na ƙwalla ihu, "Kawu, za ta fashe!" Ya ce, "Gaisawa suke yi!" Muka ture roba biyu.

Da muka tsaya na kama hannunsa. Bugun zuciyarsa ya tashi, gumi na tsiyaya, leɓensa ya yi fari. Na ce, "Ya isa. Gida za mu."

Bai ko kalle ni ba. Ya ƙara wa tayoyin gaba iska, ya sa bakin jak ya ɗan ɗaga leɓen madgad, ya ce, "Saura ɗaya."

Wannan zagayen ban ga hanya ba sam, fuskarsa nake kallo. Ina jin numfashinsa sama-sama, hannuna a kan kwalbar magani, ina tunanin da wane baki zan faɗa wa Anti Rabi. Taya na kuka, mota na wurgi da ni dama da hagu. Sai birki. Allo ya nuna lokacinmu, fili ya ɗauki tafi. Kawu ya wuce Goggo! Ni dai kuka na fashe da shi.

Aka ba shi ɗan kofi. Goggo ta zo ta yi masa murna, ta sunkuya ta daɗe tana kallon rim ɗinsa, ta yi murmushi ta tafi ba ta ce uffan ba. Kawu ya bi ta da ido. Nan take ya ɗaga mota ya kwance taya. A bayan rim ɗin an buga faɗinsa, inci bakwai. Dokar rukunin tserensu kuwa, kada faɗin rim ya wuce shida da rabi. Garin murnar araha bai taɓa juya shi ya duba ba.

Na ce, "Kawu, ba wanda ya yi magana. Ita ma ta yi shiru. Rabin inci ne fa!"

Ya ce, "Gobe za a buɗe ƙirjina. So kike likita ya tarar da rabin inci na haram a ciki?"

Da ƙafarsa ya taka har teburin alƙalai, kofi a hannu ɗaya, rim a ɗaya, yana haki. Aka soke sunansa, aka ba Goggo kofin. A hanyar gida ni na tuƙa, shi yana ta faɗa wai ina taka birki kamar mai kashe kyankyaso.

Aikin ya yi kyau, Allah Ya ƙara masa wata takwas. Bai sake shiga filin nan ba, ban kuma taɓa jin ya ce da na sani ba. Ni ce dai har yau abin ke yi mini ciwo, don na san irin son da ya yi wa kofin nan.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya ƙi cin rabin incin da ba nasa ba, Allah Ya cika masa mizaninsa, Ya ba Anti Rabi haƙurin rashinsa. Amin.