Kwana Bakwai na Shirun Alƙaliya

Ranar Litinin ɗin, ƙarfe shida da kwata na safe, Sadiya ta fito tsakar gida da kofin koko a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Mahaifinta, Malam Aƙilu, yana kan tabarma yana tsince irin masarar da zai shuka. Shekara talatin ya yi yana tantance auduga a wani kamfanin gurza a Funtua, har yanzu kuma ba ya kallon abu bai auna shi ba.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "tsakanin wayar nan da kokon nan ɗaya zai faɗi."

"Baba, shari'a nake yi."

"Shari'ar aljanu?"

"Har da masu mulkinsu."

Bakwai da rabi ta hau keke napep zuwa makarantar 'yan mata inda take koyar da Hausa. Ƙarfe biyu ta dawo, ta ci dambun da Gwaggo, yayar Malam, ta ajiye mata, ta ce gishiri ya yi tafiya bai dawo ba. Gwaggo ta ce wanda ke ci a zaune ba ya aiken gishiri. Ƙarfe uku ta ɗan kishingiɗa. Bayan la'asar ta zauna gindin mangwaro da littafinta mai jan bango.

Shekararta ashirin da bakwai. Da sikila aka haife ta, mahaifiyarta ta rasu tana da tara, rabin ƙuruciyarta kuma a gadon asibiti ta yi shi da ƙaramar rediyo a kunne. Akwai wani tsohon wasan rediyo da aka katse ba a kai ƙarshensa ba, labarin wani Sarkin Noma da rumbunsa ba ya taɓa yin ƙasa. Yaran da suka girma da shi suka buɗe zaure a WhatsApp, suna aron mutanen wasan suna ƙirƙira musu ci gaba. Kowa da sunan alƙalami, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Bana suka rabu gida biyu, 'yan Funtua ƙarƙashin wani Almustapha, 'yan Malumfashi ƙarƙashin wata Phoebe, aka ba su jigo biyu, tsoro da iko. Sadiya aka naɗa alƙaliya. Dokar zauren ita ce alƙali ya yi kwana bakwai shiru. Ba ya magana, ba a kiransa, sai ranar hukunci. Litinin ɗin ce rana ta farko.

"Saurara, Baba," ta ce. Ta karanta masa na Funtua, inda rumbu ke zubar da jini, kawuna suna magana a cikin dawa. Sannan na Malumfashi, inda Sarkin Noma ya kira gayya, manoma suka yi ta huɗa har yamma, da suka juya su tafi sai kowa ya ga fartanyarsa ta ci gaba da aiki, hannunsa kuma ya ƙi sakinta.

"Wanne ya fi?" ta tambaya.

"Ni auduga na sani."

"Gara haka. Da ka faɗa, da na kore ka daga kotu."

Biyar da rabi hadari ya taso daga gabas. Ta ruga ta kwashe shanya, ruwan ya jiƙa mata baya. Gwaggo ta yi faɗa. Da magariba ta ce ƙafarta na ɗan yi mata tsami.

Talata da hantsi aka kai ta asibiti. Uku saura minti goma na rana ta cika. Kafin magariba an kai ta makwancinta.

Sadiya ba ta sa wa wayarta makulli, saboda in ciwo ya kayar da ita a hanya a iya kiran gida. Laraba da rana, da masu gaisuwa suka ɗan tsagaita, wayar ta yi ta motsi a aljihun Malam Aƙilu. Ya buɗe. Zauren ne, saƙo ya haura ɗari uku.

"Alƙaliya, Allah ya ja zamaninki, kada ki manta garin da kike shan ruwa," in ji Almustapha.

"Kun ji cin hanci a fili," in ji Phoebe. "Ku da kuka zuba jini kamar mahauta ranar kasuwa."

"Ku kuma dodonku fartanya ce. Fartanya!"

Ya karanta duka. A nan kaɗai ne a duniya ake maganar 'yarsa ba a haɗa da Allah ya ji ƙanta. Alhamis ya sake buɗewa, Juma'a da safe ma haka. Bai rubuta komai ba. Abin da bai sani ba shi ne waya tana nuna wa mai saƙo sunan duk wanda ya karanta, da lokacin. Su kuwa kullum suna leƙawa, suna murna alƙaliya na bin su a hankali.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai zauren ya yi tsit. Saƙo ɗaya ne ya shigo, daga Phoebe, hoton Sadiya da wata malamar makarantarsu ta ɗora da sanarwar rasuwa, mai kwanan watan Talata. A ƙasa ta rubuta: "Wannan ba alƙaliyarmu ba ce? To wa ya karanta saƙona yau ƙarfe bakwai da minti huɗu?"

Malam Aƙilu yana riƙe da wayar lokacin. Nan take wani ya rubuta, "Ta karanta wannan ma." Sai sunaye suka fara ficewa daga zauren ɗaya bayan ɗaya, yana kallo, har mutum goma sha ɗaya.

Wayar ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya yi shiru, don ɗabi'arsa ce ya jira mai kira ya yi sallama. Can ma shiru, sai numfashi da kukan kaza daga nesa.

"Malama?" in ji muryar mace, ƙasa ƙasa. "Don Allah in ke ce, ki yafe mana."

"Mahaifinta ne," ya ce.

Phoebe ce. Ta fashe da kuka. Da ta samu kanta ta yi masa gaisuwa, ta ce ya manta da gasar, wasa ne kawai.

Shi bai ɗauke shi wasa ba. An ba 'yarsa amana, ta tafi ba ta sauke ba, kuma ba ya son ta kwanta da ita. Ya ɗauko jan littafin. Shafi huɗu ta cika kan tsoro, da maki a gefe, an ja layi. Kan iko kuwa rabin shafi ne, babu maki.

"Ka cike mata mana, Aƙilu," in ji Gwaggo. "Layi biyu ne. Wa zai sani?"

"Ban taɓa sa hannu a kan dilar da ban buɗe ba, Yaya."

"Wannan ba auduga ba ce."

"Shi ya sa."

Ya jira har Lahadi, rana ta bakwai, kamar yadda dokarsu ta ce. Bayan la'asar ya danna wurin naɗar murya. Ya faɗi sunansa, ya ce shi ne ya yi ta karantawa, ya nemi afuwar firgitar da ya jawo. Sannan ya karanta rubutunta yadda yake. Kan tsoro, Malumfashi takwas, Funtua shida, domin jini yana sa mutum ya kau da kai, fartanyar kuwa tana bin sa har gonarsa. Kan iko ta rubuta cewa Funtua sun ba Sarkin Noma ƙarfi amma ba su nuna wanda ya ba shi ba, Malumfashi sun nuna masu biyayya amma ba su ce me suke samu a ciki ba.

"Jimlar ƙarshe ita ce, 'Wanda ya fi kusa da gaskiya a nan shi ne,'" in ji shi. "A nan ta tsaya. Ni ma a nan zan tsaya."

Daga baya Almustapha ya rubuta cewa su bar gasar bana haka, rabi an yanke, rabi a buɗe. Phoebe ta amince.

Bayan sadakar arba'in aka raba kayanta. Atamfofi da mayafai suka tafi wurin 'yan uwa a garin Ƙarfi. Littattafan Hausa, kwali uku, aka kai ɗakin karatun makarantarta. Ragowar magunguna Gwaggo ta mayar asibiti. Wayar, Malam Aƙilu ya sa aka fitar da ita daga zauren, aka goge ta, aka ba ƙanwarta da ke karatu a Zariya. Layin ya cire da kansa, ya naɗe a takarda, ya sa cikin akwatin da yake ajiye takardun gona.