Alamar da na yi wa batirin Malam

Na yi wa wani bawan Allah mummunan zato, ina neman gafara.

Za a kai keke mai caji na maigidana Malam Funtua a canza masa birki. Batirinsa ya shekara huɗu yana kai shi gona, sai na ji tsoron a musanya shi da matacce. Na karce gindinsa da ƙusa, yadda mahaifina yake yi wa kayan kekensa muna yara a Bakori.

Emeka makanike ya dawo da keken da kansa, ya ce:

"Hajiya, na ga alamarki. Haka mahaifinki ya riƙa yi wa babana lokacin da yake gyara masa keke, har ya rasu bai kama shi da komai ba."

Taka-tsantsan ne wannan ko zunubi? Ku faɗa mini. Na yi alkawarin dainawa, amma ban cika ba. Jiya aka kai caja gyara, ita ma na karce ta.