Titunan Ƙafar Iya

Ranar wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare, jinin kakata Iya ya malale tsakar gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Ta ɗauko tsintsiya daga bayan murhu ke nan, sai bakin wani tsohon langa-langa ya karce mata sha-raɓa. Karcewar ba ta kai tsinin allura biyu ba, amma jini ya tsinke kamar an huda jarkar mai garuwa. Ummanmu ta tafi kasuwar Tarauni cefane, daga ni sai Iya a gidan.

Ƙafar nan kuwa na san ta fiye da jadawalin lissafin da muke haddacewa a makaranta. Iya ta yi shekara da shekaru tana dakau da surfe a tsaye, tun rasuwar kakanmu, har jijiyoyin ƙafarta suka kumbura suka yi rudu-rudu, kore-kore, suna nannaɗe da juna. Kullum da yamma idan na gama ɗebo ruwa da wanke-wanke, sai ta miƙe a tabarma in shafa mata man zafi, ina bin jijiyoyin da yatsa ina raɗa musu suna. Babbar ita ce titin gidan zu, mai lanƙwasar ita ce hanyar Daurawa, ƙullin da ke bayan gwiwa kuma shataletale. Takan kai min dukan wasa da mafici ta ce, "Ja'ira, ki tuƙa a hankali, titin nan ya girmi ubanki." Mu dai abin da aka gaya mana shi ne mataccen jini ne, kuma duk shekara sai wanzami ya zo ya yi mata ƙaho.

Da na ga jini sai na tuna yadda ake yi wa wanda kunama ta harba. Na zaunar da ita a kan kujera, ƙafa a ƙasa, na cire ɗankwalina na ɗaure saman ciwon iya ƙarfina. Maimakon ya tsaya, sai ya ƙaru. Iya ta fara gumi, leɓenta ya yi fari, tana salati a hankali. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na fita da gudu ba ko takalmi, na buga ƙofar Maman Ngozi, wata Inyamura ma'aikaciyar jinya da ke haya a gidan da ke jikin namu.

Tana shigowa ta kwance ɗankwalin, ta kwantar da Iya a ƙasa, ta ɗora ƙafar a kan turmin da muka kifa, ta danne bakin ciwon da tsumma mai tsabta. Kafin a jima jinin ya lafa. Tana nan danne da shi ta kama yatsuna ta ɗora a wuyan hannuna, na ji abu yana bugawa. Ta ce wannan jijiya ce mai kauri da ke kai jini daga zuciya, akwai kuma ƙanana da suka fi gashi siranta da ke raba shi ga tsoka, sannan akwai masu mayar da shi zuciya. Su waɗannan suna da 'yan ƙofofi a ciki da ke hana jini gangarowa baya. Na Iya tsayuwa ce ta sassauta su, shi ya sa jini ke taruwa. "Ba mataccen jini ba ne," in ji ta. "Gida yake son komawa, ke kuma kika tare masa hanya." Na fashe da kuka. Iya, daga kwance, ta ce, "Bar ta, Maman Ngozi, direba ce sabon koyo." A cikin a-daidaita-sahu muka kai ta asibiti, ƙafarta a kan cinyata.

Yau injin niƙa ya kori dakau daga layinmu, turmin nan ya tsage, Maman Ngozi ta koma garinsu, Iya kuma ta daɗe a ƙasa. Ni malamar makaranta ce, ina wuni a tsaye gaban allo. Kwanan baya na ga wata siririyar jijiya koriya ta ɓullo a bayan gwiwata, na jingina ƙafar da bango na daɗe ina kallonta, kewar tsohuwar ta cika ni. Shekara nawa ina wasa a titunan nan, ban taɓa tambayar ta ko suna mata ciwo ba.